Sawun tuje a saurar babana

Bara da rani na yi wata ɓarna da hannuna, ko in ce da kuɗina, kuma har yau in na tuna sai in ji zuciyata ta yi nauyi. Shi ya sa na ce bari in rubuta ta a nan ko wani ya tsaya ya yi tunani kafin ya yi irin tawa.

Babanmu, Allah ya jiƙan shi, ya bar muna wata saura can ƙauye. In ka fita Tawa ka ɗauki hanyar Agadas ka wuce Tabalak, sai ka saki kwalta ka yi arewa cikin rairayi, to can ne. Tun yana da rai ya daina noman wurin don ƙasar ta gaji, hatsi ya daina tsayi, sai ya bar ta ta huta, shekara ta fi goma ba a sa mata hauya ba. Cikin shekarun nan daji ya dawo abin shi, sabara ta cika gefen gabas, geza da kalgo a tsakiya, anza nan da can, magarya ta yi sarƙaƙiya bakin wani ɗan kwari inda ruwa ke kwanciya da damana, ga ƙarangiya da burburwa sun rufe ƙasa tsakaninsu. Babu wani babban icce in ban da aduwa biyu da gawo guda. Ni kuma da na zo daga birni na tsaya na duba, abin da idona ya gane min datti ne kawai, na ce gonar babana ta zama kufai, mutane za su ce 'ya'yan shi sun watsar da gado. Na koma Tawa na aika jikka arba'in ta waya, na ce a samu samari su sassabe wurin tas, a tumɓuke kututture, a tara a sa wuta. Niyyata in 3 ga Agusta ta zo, ranar da ƙasa duka ke dashen itace, in kawo dogon yaro guda sittin daga wurin renon itatuwa in jera su layi-layi, in ɗauki hoto in sa a Facebook mutane su ga ni ma ina yaƙi da hamada. Wallahi niyyar alheri ce.

Da na koma don in ga aikin sai na tarar da Kawu tsaye a tsakiyar tokar. Kawu ƙanen innata ne, tsohon mahalbi, ya haura saba'in, ya daɗe da rataye bindiga. Na gaishe shi ya amsa a sanyaye, ya daɗe yana tona toka da sandar shi sannan ya ce, "Ɗana, wa ya ba ka wagga shawara?" Na ce Kawu ai gyara na yi, itatuwa zan shuka. Ya ce, "Itatuwa ka iske, ka ƙone su, za ka zo da wasu cikin leda." Sannan ya nuna min gabas inda sabarar take da, ya ce damana biyu ke nan tsuntsun nan tuje na sauka wurin nan, kuma bai faɗa ma kowa ba, ko matar shi, don kada yara su ji su bi shi da karnuka. Ban samu bakin magana ba.

Dogon yaron nan sittin na dasa su kamar yadda na yi niyya. Awaki sun ci nasu, iskar hunturu ta busar da nata, bazara ta gama da saura, yau guda tara ne ke da rai kuma babu wanda ya kai min gwiwa. Amma kututturen sabara da na geza da samarin sunka kasa tumɓukewa, waɗanda har na yi ma su faɗa a kan su na ce aikinsu bai cika ba, su ne sunka yi toho ba ruwa ba taki ba shinge, yanzu wasu sun kai min ƙugu. Saiwarsu ta shekara da shekaru a ƙasa, ta san inda laima take, abin da kawai take so a ƙyale ta.

Bana da damana, cikin Agusta, an kwana ana ruwa, Kawu ya tashe ni bayan sallar asuba ya ce in taho da ɗan yayata, yaro ɗan shekara goma sha biyu da ya zo hutun lakwal daga Yamai. Munka bi burtali munka wuce saurar tamu munka shiga makiyaya, wurin da har yanzu akwai sabara da anza jefi-jefi da haki ya kai ƙwauri. Can sai ya tsaya ya durƙusa ya ce ku zo ku gani. Sawu ne a kan rairayi mai damshi, ya fito sarai kamar an buga hatimi, yatsu uku gajeru masu kauri duk suna kallon gaba, babu alamar ɗan yatsan baya ko kaɗan, kuma ya fi na zabo girma nesa ba kusa ba. Ya ce ma yaron, "Zabo da kaza suna da ɗan yatsa a baya, wanga ba shi da shi, don shi ba ya hawa icce, a ƙasa aka haife shi a ƙasa zai kwana." Munka bi sawun a hankali kamar taku ɗari biyu. Ni ban ga komai ba, sai da Kawu ya kama kafaɗata ya juya ni, sannan na lura wani abu da na ɗauka busasshen reshe ne cikin haki ashe wuya ne, dogo, ruwan toka, da kai a sama yana kallonmu. Bai tashi ba. Ya sunkuyar da kai ya yi tafiyar shi a natse, kuma duk inda ya bi sai ya sa wata sabara tsakaninmu da shi, daga wannan zuwa waccan, har ya ɓace mana alhali fili ne ba kurmi ba. Yaron ya yi raɗa ya ce, "Kaka, jimina ce?" Kawu ya ce a'a, tuje ne, kuma mu koma daga nan, in mace ce to ƙwai na kusa.

Tambayar yaron nan ta tsaya min a rai. Bahaushe ne ɗan Bahaushe, kakannin shi 'yan Adar, amma bai taɓa jin kalmar tuje ba. Kuma na san da yawa daga masu karanta wannan haka suke.

Tuje tsuntsu ne babba na ƙasa, dogayen ƙafafu, dogon wuya, bayan shi kalar rairayi da busasshen haki. A Nijar muna da iri fiye da ɗaya. Akwai babban, wanda masana ke danganta sunan shi da ƙasar Larabawa don har can Yaman ana samun shi, namiji ƙosasshe na iya kai kilo 10 ko kusa da haka, yana cikin tsuntsaye mafi nauyi da ke iya tashi sama. Akwai na Nuba, wanda bai kai shi ba, mai son can arewa bakin hamada, wajen Tadres da Termit. Sai ƙananan danginsu da muke ce ma kaɗafkara, su an fi ganin su. Manyan nan biyu duk suna cikin jerin da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ke fitarwa na halittun da yawansu ke raguwa har ake ji musu tsoro. Abincin tuje fara ce da babe da buzuzu da sauran ƙwari, da 'ya'yan haki da ɗanyen toho, yana cin ƙaron da ke fita jikin itatuwan ƙaya, in ya samu ƙadangare ko ɓera ma ba ya bari. Wato tsuntsun da ke yini yana tsince fara ne, mu da muka ga abin da fara ta yi muna a 2004 da yunwar da ta biyo a 2005 bai kamata a tsaya yi muna dogon bayani a kan amfanin shi ba.

Amma abin da ya fi muhimmanci a sani shi ne yadda yake haihuwa, don nan matsalar take. Tuje ba ya saƙa sheƙa. Macen ce ke ɗan share ƙasa ta yi gurbi, sau da yawa kusa da gindin wani ƙaramin icce ko cikin haki, ta yi ƙwai ɗaya ko biyu, shi ke nan, ba kamar zabuwa ba da ke tara goma sha. Da damana take yi, lokacin da ƙwari sunka yawaita. Ita kaɗai ke kwanci, sati uku da wani abu, namijin yana can yana kumbura wuya yana nuna kan shi. In sun ƙyanƙyashe 'ya'yan na bin ta a ƙasa makonni kafin su iya tashi, kuma duk tsawon lokacin nan ba su da wata kariya daga dila da shaho da hankaka da kare da ɗan Adam sai su lafe a ƙarƙashin wani abu. To wane abu? Ba inuwar dogon yaro ba, ƙarƙashin dogon yaro fayau yake kamar tsakar gida. Abin da ke ɓoye su shi ne iccen da rassan shi ke taɓa ƙasa, sabara, anza, geza, ƙaramar magarya, da hakin da ke tsirowa a gindinsu inda bakin dabba bai kai ba. Kuma ba ya son duhuwa mai cunkoso, yana son ya hangi nesa, ya ga abin da ke zuwa tun daga can, shi ya sa wurin da ya fi so shi ne inda icce ke nan ɗaya can ɗaya da fili da haki a tsakani. Daidai irin wurin da ni na kalla na ce datti ne.

Na san wani zai ce ai farauta ce ta ƙarar da tuje ba sassabe ba, kuma yana da gaskiya rabin gaskiya. Duk wanda ya girma a arewa ya ji labarin manyan baƙi daga ƙasashen Larabawa masu man fetur da ke zuwa da jerin kat-kat da tantuna da shahuna horarru, su yi makonni a daji, su bar wuri shiru. Ga masu bindiga a mota, ga yanzu moto da ke shiga duk inda ƙafa ke shiga. Kawu da kan shi ya ce a zamaninsu mahalbi sai ya yi rarrafe rabin yini, wani sa'in da burtu a ka, kafin ya kusanci tuje guda, kuma da damana ba a taɓa shi, amma mota ba ta san damana ba, ana bin shi har ya gaji ya kasa tashi. Muna da doka, dokar farauta ta 1998, wadda ta ce ba a halbi sai da takardar izini kuma akwai lokacin da ake rufe farauta, sai dai daji na da faɗi ma'aikatan gandun daji kuma ba su da yawa, ga rashin tsaro da ya hana su kai wa wurare da dama. Duk wannan haka ne. Amma ni ba ni da ikon tsayar da kat-kat ɗin wani attajiri, abin da ke hannuna da hannunka shi ne saura da bakin gona da burtali da makiyayar ƙauye, kuma ko an daina halbi yau in babu inda macen za ta ɓoye ƙwai biyun nan, zancen ya ƙare.

Mun ga yadda ta kasance da jimina. Iyayenmu sun san ta a daji, har cikin shekarun 1980 akwai ta da dama a Ayar, cikin shekarun 1990 lokacin tawaye aka gama da ita, yanzu a cikin waya ake kiwon ta a wurare kamar Kelle ta jihar Damagaram ana fatan wata rana a mai da ta daji. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ka san abin yi da naka.

Ƙaramin dajin nan ta ko'ina ake cin shi, kuma masu cin ba mugaye ba ne, mu ne. Lokacin da munka samu 'yancin kai a 1960 mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne, yau mun haura miliyan 25. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta ce daga nan zuwa sama na makiyaya ne, amma gonaki sun daɗe da tsallake ta. Saura da da ake bari ta huta shekara bakwai ko goma yanzu ko biyu ba ta samu. Je ka bakin garin Tawa da safe ka ƙirga amalanken jakkai da ke shigowa da icce, ka duba da kyau, yawanci ba manyan gungume ba ne, geza ce da sabara, wani lokaci har da saiwa, kuma in an kai ga tonon saiwa to wurin ya mutu ke nan. Sai masu kwasar haki da mayayi, su share ƙasa ƙal don a sayar ma masu kiwon ragon layya a birni, ni ma ina saye, ba zan ɓoye ba. Sai gobarar daji bayan damana, wadda ke cinye dubban hekta wajen Abalak da Cintabaraden kusan kowace shekara. Inda aka cika tattake ƙasa kuma garmani ya mamaye, wanda ba dabba ke ci ba, ba kuma ya barin haki ya tsiro.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne mu 'yan Adar ba baƙin gyaran ƙasa ba ne, duniya ma ta shaida. Shingen iska na dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975 aka fara shi. Furojen Keita ya fara a 1984, tsakiyar fari, da tallafin Italiya da FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, matan Adar ne sunka ɗauki duwatsu a ka sunka mai da fako ya koma daji. Manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina a ƙarshen shekarun 1980 sunka dawo sunka inganta tassa, wato ramukan shuka da ake sa ma taki su riƙe ruwa, sai ga hatsi a wurin da ko ƙarangiya ba ta fita. Can Maradi kuma tun 1983 wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman wurin sunka fara abin da ake ce ma sassaben zamani, wato kada ka kashe kututture, ka zaɓi toho biyu zuwa biyar masu ƙarfi ka bari, ka sassabe saura, kuma ana lissafin hakan ya farfaɗo da hekta wajen miliyan 5 a ƙasar nan, itatuwa wajen miliyan 200, ba tare da leda ko ɗaya ba. Har gwamnati ta yi ma shi doka a 2020 don manomi ya tabbata iccen da ya rena na shi ne.

Sai dai ina da wata magana a kan sassaben zamani, kuma ina faɗin ta ne a matsayin mai son shi. An tsara shi ne don gona, a ɗaga icce sama a share gindin shi don hatsi ya sha rana. Wannan daidai ne a cikin gona. Amma in muka ɗauki wannan ido muka kai shi ko'ina, kowane icce sai an aske mai ƙasa ya tsaya kamar laima, to za mu samu itatuwa da yawa da tsuntsayen sama, na ƙasa kuwa, tuje da kaɗafkara da fakara da zabin daji, ba su samu komai ba. Mun saba ƙirga itace da guda-guda, an dasa kaza an rena kaza, babu mai ƙirga sarƙaƙiya. Ko a Ingila, inda kurciyar da ke zuwa muna hunturu nan Sahel ta kusa ƙarewa, biyan manoma ake yi don su bar shingen ƙaya ya yi kauri ya yi tsawo ta samu wurin sheƙa, wato su ma sai da sunka share sannan sunka gane.

To me ake nufi da kula da irin wannan daji? Ba wai a kewaye shi da waya a hana kowa shiga ba, wannan ba zai yiwu ba a ƙauyen da mata ke dafa tuwo da icce, kuma ma ba shi ne alheri ga tsuntsun ba. Sabara da geza irin iccen da ke son sara ne, in ka sare su daidai da kaifin gatari, ka bar kututture, da rani, sai su dawo da rassa da yawa masu ganye har ƙasa, in kuma an bar su shekaru ba a taɓa ba sai su tsufa su yi ƙwarangwal ƙasansu ya buɗe. Dabarar ita ce kada a sare duka lokaci guda. A raba wuri kashi-kashi, bana a sari wannan, baɗi wancan, kafin a zagayo na farko ya shekara biyar ko shida ya dawo, ta haka kowane lokaci akwai sabon toho, akwai matsakaici, akwai tsoho, akwai fili. Wannan ba sabon abu ba ne a Nijar, an gwada shi a dajin Gesalbodi kusa da Yamai tun shekarun 1980, kuma a kan shi aka kafa kasuwannin icce na karkara a farkon shekarun 1990, inda ƙauye ke da dajin shi da kason da zai sara a shekara. Abin da ya rage shi ne a sa tsuntsu cikin lissafin. Daga saukar ruwan fari har a yi girbi kada gatari ya shiga, kada kare ya shiga, makiyayi ya bi da dabbobin shi a hankali ya bar wani yanki sai kaka. Masu kwasar haki su bar na gindin icce da ɗan taku kaɗan kewaye da shi, shi ne iri na baɗi kuma shi ne mafaka. Da an gama damana a share hanyar tare wuta tun haki bai gama bushewa ba. Inda fako ya riga ya ci, a yi rabin wata, wato ramin tare ruwa mai siffar rabin wata, a watsa irin haki da na icce na gida, a bar abin da iska da kashin awaki sunka kawo ya tsiro, ba sai an jera baƙon icce ba.

Da na kai maganar nan gaban mai gari bayan sallar Juma'a, ba kowa ya yarda ba, kuma waɗanda sunka ƙi suna da hujja. Wani dattijo maƙwabcin gonarmu ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron ga na son ya tara muna jan-baki da macizai a bakin gona, shi yana Tawa yana cin shinkafa." Ban ji haushi ba don tsoron jan-baki tsoro ne na gaske, wanda ya taɓa ganin garken shi ya sauka a kan hatsi ya sani. Kawu ne ya amsa mai, ya ce jan-baki manyan itatuwan ƙaya na bakin ruwa yake bi ya yi dandazo, ba sabarar tudu ba, kuma tun da anka share dajin gabas ai bai daina zuwa ba. Wani Bafulatani da ke mashekari kusa da mu ya ce shi ba ya da matsala da barin yanki guda har kaka muddin ba wata dabara ce ta mai da makiyaya gona ba, don sun sha ganin haka, a ce gyara za a yi, baɗi sai ka iske hatsi. Wannan ma gaskiya ce, shi ya sa munka ce duk abin da aka yanke a rubuta shi gaban kwamitin filaye na ƙauye, a sa hannu, makiyaya ta tsaya makiyaya.

Wadda ta fi taimaka min ma Inna ce, ita da ban zata ba. Da dare ina ba ta labari sai ta ce ita ba ta san zancen tuje ba, amma ta san anza. Ta ce shekarar El Buhari, wato yunwar 1984, da kuma 2005, anza ce ta riƙe gidaje da yawa, a ɗebo 'ya'yan a ɓare a jiƙa kwana da kwanaki ana sake ruwa har ɗacin ya fita sannan a dafa a ba yara. Ta ce sabara kuwa wace mai jego ce ba a dafa ma ba, kalgo wace igiya ce ba a yi da ɓawon shi ba. "Da ka tambaye ni kafin ka aiko da kuɗin ga, da na hana ka." Washegari ita ta tara matan unguwa, kuma su ne sunka fara yarda da zancen sara kashi-kashi, don su ne ke tafiyar awa biyu neman kirare, sun fi kowa sanin yadda daji ke ja da baya.

Ga inda muke yanzu. Saurar babana ba za a sake noman ta ba nan kusa, ni da 'yan'uwana mun yarda. Mun raba ta huɗu da duwatsu, ba za a sari ko ɗaya ba sai tohon ya shekara uku, daga nan kowace shekara kashi guda, iccen na matan gidanmu da maƙwabta. Bakin kwarin da magarya take ba za a taɓa shi ba sam. Maƙwabta biyu sun ce za su bar taku goma-goma a iyakar gonakinsu ta gefen makiyaya, in aka haɗa da tamu sai ya zama zirin daji guda daga kwari har burtali. Samarin da na biya sunka sassabe bara su ne zan biya bana su share hanyar tare wuta, kuma babban su, wanda ke da karnuka uku, ya yi ma Kawu alkawali a gaban mutane cewa daga ruwan fari har girbi a ɗaure za su kwana. Wurin ƙarami ne, na sani, tuje tsuntsu ne mai yawo da ke bin ruwan sama ɗaruruwan kilomita, manyan wurare irin su Gadabeji da aka keɓe tun 1955 da Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012 su ne gatan shi na gaske. Amma tsakanin waɗannan wurare akwai tafiya mai nisa, kuma a hanya dole ya sauka wani wuri.

Ban faɗi sunan ƙauyen ba kuma ba zan faɗa ba, wanda ya tambaye ni a asirce ma ya yi haƙuri, Kawu ne ya sa ni alkawali. Ɗan yayata ya koma Yamai da hoton sawun a salula ta uwar shi, ya ajiye kwalin ashana kusa da shi don a ga girman, ya ce zai nuna ma malamin su na lakwal. Ni kuma in Allah ya kai mu ƙarshen watan gobe zan koma da mayayi shida da buhun shinkafa na masu aikin hanyar wuta, Kawu ya ce in zo da wuri kafin iskar gabas ta taso.